Ragon da Na Kai wa Bitrus

Tun ranar da na dawo daga Filato ba a bar ni na huta ba. A majalisarmu ta ƙofar gidan Alhaji Ado a Limawa, kullum bayan la'asar sai an tayar da zancen. Wani ya tambaye ni ko da gaske na shiga coci, wani ya ce ya ji an ce naman kare aka ba ni. Alhaji Ado kuwa ragon ne ya tsaya masa a rai: me ya kai ni ɗaukar rago tun daga Dutse har bayan Pankshin? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya tafi ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ni malamin dabbobi ne. Shekara goma sha ɗaya muka yi a Kiyawa da wani abokin aikina, Malam Bitrus, babur ɗaya muke hawa muna bin rugage muna yi wa shanu rigakafi. Yana kirana Bafillace saboda kakannina makiyaya ne, ko da yake fillancina bai wuce na gaisuwa ba. Matarsa ta daɗe da rasuwa, don haka 'ya'yansa biyu, Rifkatu da Dauda, kusan a gidana suka tashi. Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ko kallon banza ba wanda ya yi masa, amma 'yan'uwansa suka dame shi da wasiƙu har ya ajiye aiki ya koma garinsu. Bayan shekara guda rikici ya tashi a can, aka kashe Dauda a hanya yana dawowa daga makaranta. Har yau ba a san wanda ya kashe shi ba. Ni kuwa wasiƙar ta'aziyya kawai na aika. Tsoro ne ya hana ni zuwa, kuma abin ya daɗe yana cina.

Bayan ƙaramar salla sai ga wasiƙa daga Rifkatu. Ta ce: "Baba Sale, Baba ya daina zuwa coci, ya daina duba dabbobi, ya daina fita ko ƙofar gida. Likita ya ce ba ciwo a jikinsa. Bara bai yi Kirsimeti ba, bana ma ya ce kada a ɗora tukunya. Ina tsoro kada ya bi Dauda."

Na karanta sau biyu, na ce wa mai ɗakina Hajara zan tafi. Ta ce in kai musu dabino da riɗi. Na ce dabino me? Mutum ba zai yi sallarsu ba, ai abin yanka ne babu. Duk zamanmu da Bitrus gida yake tafiya Kirsimeti, ban taɓa ganin yadda suke yi ba, sai na ɗauka tamkar babbar sallarmu ce, dole magidanci ya kayar da rago. Na kwance farin ragon da nake turka wa layya. Hajara ta bi ni da kallo ta ce, "Malam, ka dai tambaya." Ban tambaya ba.

Saura kwana biyu Kirsimeti na shiga fijo a tashar Dutse, rago a but ɗin motar tare da kayan mutane. Kusa da ni wata ma'aikaciyar jinya ce da ke aiki a Miga, ita ma gida za ta. Ta ce, "Baba, ragon na suna ne?" Na ce na Kirsimeti ne. Ta dube ni, ta dubi bayan motar, ta ce lalle abokina mai sa'a ne, ta kau da kai tana murmushi. Da ta faɗa mini gaskiya a nan, da tun Birnin Kudu na san matsayina. Sai da muka tsaya salla a Ningi direba ya buɗe but, muka tarar ragon ya huda buhun zoɓon da take kai wa uwarta tsaraba, bakinsa ja wur. Na shiga ba ta haƙuri, ita kuwa dariya ta hana ta magana. Ta ce in bar shi, shi ma ya fara shagalinsa.

Abin kunyar ya same ni bayan mun wuce Bauchi, a shingen masu duba dabbobi na shiga Filato. Wani matashin ma'aikaci ya leƙa but ya ce, "Na wane ne? Ina takardar lafiyarsa?" Jama'a, fiye da shekara ashirin ina rubuta wa fatake wannan takarda, ina yi musu faɗa in sun manta, amma nawa ragon ban rubuta masa ba. Na fito da katin aikina na nuna masa. Ya karanta, ya kira abokan aikinsa su zo su ga Oga da ya manta da kansa. Suka sauke ragon, suka ce to Oga ya duba musu su gani. Na buɗe baki na duba dasashi, na duba ido da kofato, suna tsaye suna gyaɗa kai kamar ɗalibai. Zoɓon ya sa sai da na yi dogon bayani a kan jan bakin. Shi ya rubuta takardar, ya sara mini, muka wuce.

Mun shiga Jos gab da magariba. Rabona da garin tun ina saurayi, ban gane shi ba. Shingen sojoji a kowace kwana, ga gidaje jere babu rufi, bango ya yi baƙi. Direba ya riƙa sauke mutane yana tambayar kowa unguwar da za shi kafin ya tsaya, na lura ba ko'ina yake yarda ya sauke kowa ba. Ni da rago ba masaukin da zai karɓe mu, sai na nufi kara, kasuwar shanu, wurin wani fatoma mutumin Ringim, Alhaji Inuwa, wanda ke saukar da fataken shanu. Ya ba ni tabarma da bargo biyu, na ce ɗaya ya isa. Ya ce in dai riƙe. Da asuba da na taɓa ruwan alwala na gode masa a zuciyata, don ji na yi kamar an yanka mini yatsu.

Dankalin turawa da ƙwai aka kawo mana karin kumallo, tuli guda, abin da a Dutse sai gidan manya. A can ya fi rogo araha. Ina ci Alhaji Inuwa yana kallon hulata. Da ya ji inda za ni sai ya ce, "Malam, cire zannar nan ka sa a aljihu. Inda za ka bi, hula tana riga mutum magana." Ya ba ni hular sanyi irin ta saƙa, wadda kowa ke sawa a can, Musulmi da Kirista. Na sa, na dubi kaina a madubin mota, na ga wani tsohon maigadi. Raina bai so ba, amma na bar ta a kaina.

Bas ɗin Pankshin cike take da masu tafiya gida, kowa da kaji da sababbin takalma a leda. Ragona aka ɗaure a ƙarƙashin kujerar baya. Kafin mu tashi wata mata ta miƙe ta ce a yi addu'a. Na zaci da Turanci za ta yi ko da yarensu, sai na ji Hausa tsantsa: Ubangiji Allah ya kiyaye hanya, ya tsare direba daga gyangyaɗi, ya kai mu mu tarar da iyali lafiya. Kowa ya ce amin, ni ma na ce amin, don ban ji abin ƙi a ciki ba. Da ta zo rufewa da irin tasu sai na yi shiru na karanta tawa. Daga nan har Mangu waƙoƙin coci suke yi, duk da Hausa, wata Hausa mai daɗi da ba ta damu da namiji ko mace ba.

Ƙasarsu duwatsu ce. Mu da muke taƙama da sunan Dutse, in muka je can sai mu yi shiru. A kan dutsen suke noma, sun jera ƙananan duwatsu sun tare ƙasa hawa-hawa, gidajensu kuma da ƙyarana suke shinge su maimakon dangar kara. Masu tambayar kare, ga amsarku: na ga ana jan su da igiya zuwa kasuwa kamar yadda muke jan awaki. Ban ci ba, ba kuma wanda ya yi mini tayi.

Da azahar na isa ƙauyen. Rifkatu ce ta fara hango ni, ta taho da gudu ta durƙusa tana "Baba Sale! Baba Sale!" Sai ta ga ragon. Na yi mata bayani da muryar wanda ya yi abin kirki. Ta toshe baki, dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Baba, mu ai ba layya muke yi ba. Shinkafa ce dai dole. Mai kaza ya yanka kaza, wanda ba shi da ita ya sayi nama a kasuwa."

"To, shi wannan fa?"

"Ya riga ya zo, Baba. Ba za a koma da shi ba."

Bitrus yana bayan gida a kan wani falalen dutse. Da ban san shi ne ba da na wuce. Mutumin da ke cika babur har in rasa wurin zama ya koma kamar sanda, gemu ya fito fari ba gyara. Ya ɗago ya ce, "Bafillace, kai ne?" Na zauna kusa da shi, na yi masa ta'aziyyar da ya kamata in yi tun bara, na ce ya yafe mini rashin zuwa. Ya ce ba komai. Na ba shi labarin zoɓo da na takarda, labarin da na tabbata da can sai ya faɗo daga kan dutsen don dariya. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ka wahalar da dabba a banza." Hankalina ya tashi ƙwarai, don na ga abin da Rifkatu ke tsoro.

Yarinyar nan tashin Kiyawa ce. Ta saya mini sabuwar buta, ta share ɗaki ta nuna mini gabas, ta kuma ce tukunyar da za ta dafa mini ba a taɓa sa komai a ciki ba sai acca. Gwaten acca ta yi mini da yakuwa, mai ɗan tsami, na sha kwano biyu. Ina sha take gaya mini wata al'ada tasu da ban sani ba. A ƙetaren rafi akwai rugar wani Arɗo Buba, sun fi shekara talatin a wurin. Tun zamanin kakanta, duk Kirsimeti gidansu kan sayi akuya, amma ba sa yankawa da kansu. Arɗo ake kira ya yanka, don mutanen ruga su iya ci, a kai musu cinya da shinkafa. Su ma da salla sukan aiko da nama da man shanu.

"Da aka kashe Dauda, sau uku Arɗo yana zuwa gaisuwa," in ji ta. "Sau ukun Baba ya ƙi fitowa. Ya san ba su ba ne. Ya ce dai ba zai iya ganin fuskarsu ba. Tun daga nan ba mai ƙetare rafin, mu ko su."

Ranar Kirsimeti da hantsi na kayar da ragon, na fuskantar da shi gabas na yanka. Maƙwabta suka taru suna kallon yadda nake hura fata kafin in feɗe, wani dattijo ya ce rabon da ya ga irin wannan fiɗa tun Hausawan kasuwarsu ba su tashi ba. Da na gama na bi Rifkatu har bakin cocinsu. Ban shiga ba, Alhaji Ado, a gindin mangwaro na zauna, taga a buɗe ina gani. Matan zumunta sun yi anko, suna buga tulu da wani abu kamar faifai, tulun yana fitar da murya mai zurfi. Abin da ya fi ba ni mamaki sadakarsu, wadda suke kira baiko. Mu a ɓoye muke so a miƙa, su kuwa da rawa suke kaiwa gaba layi-layi, mai doya da doya, mai ƙwai da ƙwai, wata tsohuwa da kwandon acca a ka. Idinmu kafin rana ta yi zafi an watse, nasu sai da na yi gyangyaɗi na farka ba su gama ba. Bayan an tashi kuwa sai ka rantse salla ce a Limawa: yara da sababbin kaya da tabarau na roba suna bi gida-gida, kwanukan shinkafa suna ta gilmayya tsakanin maƙwabta.

A gidan Bitrus ma an ɗora tukunya, tunda nama ya riga ya samu. Rifkatu ta zuba shinkafa a babban kwano, ta naɗe cinya guda a ganyen ayaba, ta kawo gabanmu ta ajiye.

"Baba, tunda Musulmi ne ya yanka, mutanen ruga za su iya ci."

Bitrus bai dube ta ba. Ya ce, "Ragonsa ne. Ya ba wanda ya ga dama."

Na ce na ga dama, amma ban san hanya ba. Rifkatu ta ce ita baƙi sun cika mata gida. Na ce to shi ke nan, in na ɓace a duwatsun nan da kwano a hannu, a gaya wa Hajara abokina ne ya ƙi raka ni. Sai Bitrus ya jawo takalmansa. Ya ce iyakarsa bakin rafi.

A bakin rafin ya tsaya, ya nuna mini bukkoki da baki, ya zauna a kan dutse ya juya musu baya. Na tuɓe hular sanyi na mayar da zannata, na ƙetare. Na yi sallama, na haɗa da ɗan fillancin da na gada, amma ba wanda ya kula da kwanona. Mutanen duk suna bayan garke, sun kewaye wata karsana da ke kwance. Arɗo Buba, dogon tsoho mai rawani, ya ce tun asuba take naƙuda, haihuwar fari, ƙafa ɗaya ce kawai ta leƙo. Da ya ji aikina sai ya kama hannuna da hannu biyu.

Na nemi ruwan ɗumi da sabulu na gwada. Kan ɗan ya juya baya, ɗaya ƙafar ta lanƙwashe, karsanar kuma ƙarama ce. Hannuna kauri gare shi, ko gwiwar hannu ban kai ba ya tsaya. Gaskiyar magana ni mutumin allura ne da takarda. Duk shekarunmu a Kiyawa, in haihuwa ta gardama Bitrus ke cire riga, ni in riƙe fitila. Na duba idon karsanar na ga ba ta da sauran lokaci mai yawa. Na fita da gudu, da kumfar sabulu har kafaɗa, na tsaya a gaɓar rafi na ƙwala masa kira.

"Bitrus! Karsana ce, kan ɗan ya juya! Hannuna ya ƙi shiga!"

Bai motsa ba.

"Tun asuba take! In ka zauna nan mutuwa za ta yi, ni ba zan iya ba, ka san ba zan iya ba!"

Ya juyo ya ce, "Wace ƙafa ce a waje?"

Na ce ta dama. Sai na ga ya miƙe, ya shiga ruwan da takalmansa.

Da ya iso mutanen ruga suka dare. Bai gai da kowa ba, ba wanda ya gaishe shi. Ya cire riga ya miƙa mini, ya sa sabulu, ya kwanta a gefensa cikin kashin shanu. Maganar farko da ta shiga tsakaninsa da Arɗo bayan wata goma sha biyar ita ce, "Riƙe mini wutsiyar." Arɗo ya durƙusa ya riƙe. Bitrus ya mayar da ƙafar ciki, ya rufe ido yana lalube, gumi yana zuba daga wannan ramammen jiki har na ji tsoro kada shi ya riga karsanar. Ya nemi igiya, ya ce in ja a hankali in ya ce ja, in tsaya in ya ce tsaya. Mun fi rabin sa'a a haka kafin ɗan ya fito.

Namiji ne, ja, kyakkyawa, amma ba rai. Bitrus ya share masa hanci, ya murza ƙirjinsa, ya ɗaga shi ta ƙafafun baya ya girgiza. Ya daɗe yana yi, ya wuce inda ni da shi muka san ba amfani. Daga baya ya kwantar da shi a kan ciyawa ya ce, "Ɗan ya tafi. Uwar za ta tashi."

Arɗo ya sa aka kawo ruwa, shi da kansa ya riƙa zuba masa yana wanke hannu. Yana cikin zubawa ya ce, "Malam Bitrus, sau uku na zo da magana ban samu na faɗa ba. Yau ka zo gidana, sai ka ji ta. Ya haƙurin Dauda?"

Ruwan yana zuba, Bitrus ya bar hannuwansa a ƙarƙashi bai murza ba. Can ya ce, "Da godiya." Sai ya durƙushe a wurin ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba, Arɗo yana dafe da kafaɗarsa yana cewa Allah ya ba shi dangana, yaron kirki ne, shi da kansa ya koya wa Dauda tatsa. Ni ma na yi nawa, ba zan ɓoye muku ba. Sai da aka natsa wata tsohuwa ta tuna da kwanon da na yasar a bakin garke. Shinkafar ta huce sarai, haka aka ci ta, Bitrus ma ya sa hannu.

Washegari zan kamo hanya. Na fito da jakata na tarar da shi a tsakar gida ya hura wuta, ya ɗora wata 'yar tukunya yana tafasa sirinjinsa na ƙarfe, tsohon akwatin aikinsa a buɗe a gefe, duk tsatsa. Rifkatu tana tsaye a ƙofar madafa tana kallonsa. Ya rubuta mini sunayen magunguna uku a bayan wata takarda, ya ce in na isa Jos in saya in ba direba ya kawo masa, don karsanar za ta buƙaci allura kwana biyar, ya kuma hango wasu maruƙa biyu da tarinsu bai yi masa ba.

Na ce to ya tashi ya raka ni bakin titi. Ya juye ruwan zafin, ya naɗe sirinjin a tsumma, ya rufe akwatin.

"Yi haƙuri, Bafillace, Rifkatu za ta raka ka," in ji shi. "Ni ana jirana a ƙetare."